Kango a hoto, kango a unguwa: daga rusassun hasumiyoyin cocin Turai zuwa masallatan ƙasa na Djougou da Parakou

Akwai wani irin tsohon zane na Turawa da ke yawan fitowa a littattafan tarihi da na koyon Faransanci. Baƙi da fari ne, layukansa sirara kamar da allura aka ja su. Za ka ga hanya ta karkace, manomi yana kora shanu biyu, mace ta ɗauko dami a ka, hadari ya haɗo. Can baya kuma, a kan tudu, hasumiyar coci ce tsaye ita kaɗai. Rufi ya tafi, ƙararrawa babu, ciyawa ta fito ta taga, tsuntsaye suna kewaya ta. Manomin ko ɗaga kai bai yi ba.

Wanda bai sani ba sai ya ce mai zanen abin da ya tarar ya zana. Sau da yawa ba haka ba ne. Da gangan ake dasa hasumiyar a wurin, kuma masu sayen zanen a wancan zamani sun san abin da take nufi. Abin da ya sa na ga ya kamata mu ma mu sani shi ne, idon da ya saba kallon kango a Turai shi ne ya zo daga baya ya zana garuruwanmu, hotunansa kuwa su ne yaranmu ke gani a lakwal. Ga kuma tsofaffin masallatanmu na ƙasa a Djougou da Parakou, waɗanda muke ta yanke musu hukunci ɗaya bayan ɗaya.

Yadda ake yin zanen ma abin sani ne. Mai zane zai sami farantin jan ƙarfe ya shafe shi da kaki, ya zana da allura, sannan ya tsoma shi a ruwan asid. Ruwan sai ya ci duk inda allura ta bi. A shafa tawada, a danna takarda, a fitar da ɗaruruwa daga faranti guda. Da yake ba su da tsada, sun shiga gidan ɗan kasuwa da na malamin makaranta. Kafin kyamara ta bayyana a 1839, kusan su ne WhatsApp ɗin mutanen Turai: abin da suka nuna maka game da wani gari, shi ka sani.

Wa ya rusa su?

Ba ruwan sama ba ne, ba kuma baƙi suka zo daga wata nahiya ba. Mafi yawan kangayen da suka yi suna a waɗannan zane-zane, rikicin cikin gida ne ya haife su.

A ƙasar Holan, a 1566, 'yan Furotesta suka faɗa wa coci-cocin Katolika suna farfasa gumaka da hotuna. Bayan shekara biyu aka shiga yaƙi da Sifaniya, wanda bai ƙare ba sai 1648. A cikin wannan yaƙin aka rusa gidan ibadar rahibai na Egmond a 1573, aka rusa na Rijnsburg a 1574. Rahibai su ne masu keɓe kansu daga duniya don bauta, kuma gidajensu kan haɗa coci da makaranta da gonaki. Bayan shekaru da dama wani gwanin zane, Hercules Segers, ya zauna ya zana kangon Rijnsburg tubali bayan tubali, ganye ya lulluɓe shi. Ɗan Katolika in ya kalla zai ga hasararsa. Ɗan Furotesta zai ga tsohon zamani da aka kawar. Wanda ya rasa ɗansa a yaƙi zai tuna da yaƙin. Takarda ɗaya ce, mai sayarwa kuma ya sayar wa kowa.

A Ingila sarki ne da kansa. Henry na Takwas ya ɓata da Fafaroma, sai tsakanin 1536 da 1540 ya rufe gidajen rahibai sama da 800, ya ƙwace dukiyarsu. A irin su Tintern, dalmar rufin aka fara kwashewa aka sayar. Ginin da ya rasa rufi kuwa, kowane magini ya san ƙarshensa. Shekara sama da 200 bayan haka sai kangon ya zama wurin yawon shaƙatawa. Wani limamin coci mai suna William Gilpin ya fitar da littafi a 1782 yana koya wa mutane yadda za su kalli ƙasa kamar hoto. Da ya zo kan Tintern sai ya yi ƙorafin cewa wasu bangayen sun cika miƙewa, da za a sami mai guduma ya ɗan farfasa su da sun fi kyan gani. Limami ne fa, coci kuma yake magana a kai. Wato a lokacin ginin ya daina zama wurin ibada a idonsa, ya koma ado.

Kuma ba duk kangon da ke hoto ne yake a wurin ba. Jacob van Ruisdael ya zana maƙabartar Yahudawa ta Ouderkerk, kusa da Amstadam, a shekarun 1650, da wani ƙaton kango a bayan kaburbura. A maƙabartar babu wannan kango. Shi ya ɗauko shi daga wani wuri ya liƙa, don kaburbura kaɗai ba su isar masa da saƙon da yake so ba.

Na Faransa ya fi kusa da mu, mu da aka koya wa tarihinsu tun muna 'yan CE. Cocin Cluny ta daɗe tana zama mafi girma a yammacin Turai. Bayan juyin-juya-halin 1789 aka sayar da ita a 1798, masu saye suka mai da ita wurin ɗibar dutse, suna fasawa suna sayarwa shekara da shekaru. Abin da ya rage yau ɗan ɓangare ne da hasumiyarsa. Daga 1820 Baron Taylor da Charles Nodier suka fara fitar da manyan littattafai cike da zanen irin waɗannan kangaye, suka fara da yankin Normandi. Nan zanen ya yi wani aiki na dabam. Mutane suka gani suka ji kunya. A 1830 gwamnati ta naɗa jami'i mai duba tsofaffin gine-gine, a 1840 aka fitar da jerin farko na waɗanda gwamnati za ta kula da su. Hoton kango ya ceci ragowar kango.

Mu ma mun san kufai

Kada mai karatu ya ɗauka tsayawa a gaban rusasshen wuri a yi tunani al'adar Turawa ce kawai. Hausa tana da kalmomi biyu: kango, ginin da rufinsa ya tafi, da kufai, garin da mutanensa suka tashi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta waƙoƙin Larabawan Jahiliyya ya san mawaƙi da kufan masoyiyarsa yake farawa, kamar yadda Imru'ul Ƙaisi ya yi. Buhturi kuwa, Musulmi a zamanin Abbasiyawa, ya je ya tsaya a kangon fadar Kisra, ta mutanen da ba addininsa ba, ya yi mata waƙa ta girmamawa. Alƙur'ani ma ya yi ta umartar mu da mu yi tafiya mu dubi abin da ya rage na mutanen da.

Saboda haka in Musulmi ya ga zanen rusasshiyar coci, ban ga wurin murna a ciki ba. Aya ta 40 a Suratul Hajji ta ambaci wuraren ibadar rahibai da na Nasara da na Yahudu tare da masallatai a jere guda, ta kuma nuna rushewarsu a matsayin ɓarnar da ake karewa. Mu a Parakou ma ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ƙararrawar babbar cocin Saints Pierre et Paul da kiran sallar zango iska ɗaya ke ɗaukar su.

Da idon ya ƙetaro hamada

Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Agadas a watan Oktoban 1850, ya wuce Katsina da Kano a farkon 1851. Mutum ne mai lura ƙwarai, ya kuma ji Hausa. Amma kyawawan hotunan da ke cikin littattafansa guda biyar na 1857 da 1858 ba shi ya ƙarasa su ba. Wani mai zane ne, Johann Martin Bernatz, wanda bai yi tafiyar tare da shi ba, ya karɓi ɗanyen zanensa ya gyara a Jamus. Haka aka yi da Binger, Bafaranshen da ya shiga Kong da Salaga a 1888. Hotunan littafinsa na 1892 Édouard Riou ne ya zana, mutumin da ya yi suna wajen ƙawata tatsuniyoyin Jules Verne. Ka ga ke nan inuwa da gajimare da bishiyar da ta karkata a gefe, duk hannun wanda ya koyi sana'arsa a kan kangayen Turai ne.

A Agadas Barth ya ga unguwanni da yawa sun zama kango, ya rubuta gari ne da ya ja baya. Da gaskiyarsa. Sai dai hasumiyar da ta fi komai ɗaukar ido a garin, mai tsawon mita 27, a 1844 aka sake gina ta, shekara shida kacal kafin zuwansa. Mutanen da ake ce wa sun ƙare, su ne suka ɗaga wannan gini da ƙasa da itacen goriba, ga shi tsaye har yau.

Labarin da ya fi nuna abin shi ne na masallacin Jenne a Mali. René Caillié ya gan shi a 1828, ya ce tsuntsaye sun cika shi da sheƙa har masallata suna salla a waje. Lokacin Jenne tana hannun Shehu Ahmadu Lobbo na Masina, wanda jihadinsa ya biyo bayan na Shehu Usmanu. Shehu Ahmadu bai gamsu da tsohon masallacin ba, ya gina wani marar ado a shekarun 1830. Bai sa an rusa tsohon ba. Ana ba da labarin cewa indararonsa aka toshe, aka bar damina ta yi sauran aikin. Faransawa suka ci garin a 1893. Ɗan jarida Félix Dubois ya zo ya ga kangon, ya sa shi a littafinsa na 1897. Edmond Fortier, mai ɗaukar hoto da ke zaune a Dakar, ya ɗauke shi a 1906 ya buga a katin gidan waya. Dubi hoton da kyau: ragowar bangaye tsaye kamar haƙoran tsoho, fili fetal a gaba. Tintern ce sak, ta ƙasa.

Shi Bature mai karɓar katin a Faris me zai karanta? Abin da ya saba karantawa a irin wannan hoto: nan an taɓa yin girma, girman ya wuce, masu wurin ba su iya riƙe shi ba. Sauran maganar a bayyane take, wato ga waɗanda suka zo su tayar da shi. Alhali kangon Jenne ba na gajiya ba ne. Muhawara ce tsakanin malamai a kan yadda masallaci ya kamata ya kasance, kamar dai yadda kangon Rijnsburg muhawara ce tsakanin Kiristoci. A 1906 zuwa 1907 aka sake gina shi ƙarƙashin mulkin mallaka, da aikin tilas, amma shugaban maginan garin, Isma'ila Traoré, shi ya ja aikin. Abin dariyar, da Dubois ya dawo ya ga sabon ginin sai ya ƙi shi ƙwarai. Kangon ya fi yi masa.

Mu namu ina yake?

Djougou, wadda fatake ke kira Zugu, ba ƙaramin zango ba ce a hanyar goro. Ayari kan taso daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin yadi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Parakou, ya sauka Zugu, ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Sarki yana Kilir, 'yan kasuwa Musulmi suna Wangara, harshen Dendi yana haɗa kowa. Duk inda ayari ya saba sauka, akwai mai masauki, akwai rijiya, akwai masallaci. Kakannin da yawa daga cikinmu ta wannan hanya suka zo, tun kafin yaƙin basasar Salaga na 1892, tun kafin Lugard da Decoeur su yi tseren zuwa Nikki a watan Nuwamban 1894, tun kafin yarjejeniyar 14 ga Yunin 1898 ta raba Borgu biyu tsakanin Ingila da Faransa.

To amma nemi hotonsu. Katunan gidan waya na Dahomey akasarinsu na kudu ne: Kwatano, Porto-Novo, Ouidah, Abomey, sai tashoshin jirgin ƙasa. Mai kyamara inda hanya ta kai shi yake zuwa. Fortier ya rasu a 1928, jirgin ƙasa kuwa bai iso Parakou ba sai 1936. Wasu an zana su a karkace, mu kuma da ƙyar aka zana mu.

Kuma kasarmu ba ta ajiye kango. Nan ne babban bambancin yake. Dutsen Tintern ya yi kusan shekara 500 babu rufi, yana nan. Ginin ƙasa in ya rasa rufi, damina kaɗan ta ishe shi ya koma tudu, akuya ta hau, wani ya zo ya ɗebi ƙasar ya yi tubali. Na taɓa zama da wani dattijon magini a Djougou, wanda hannunsa ya yi kanta da yaɓe, na nuna masa zanen Segers a waya. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Malam, wannan shekara nawa ya yi a haka?"

Na ce, "Baba, lokacin da aka zana shi ya kai shekara arba'in da rushewa."

Ya ce, "Arba'in? Ba mai gyarawa, ba kuma mai kwashewa? To mutanen garin ina suka tafi?"

Na ce suna nan, ga ma wani can yana kiwo a gindinsa.

Ya girgiza kai ya miƙo mini wayar. "Mu namu ba ya jira. Gini ɗan'uwan jariri ne, in ka bar shi shekara biyu ba wanka ba shafa mai, ka kashe shi. In ka ga bangon ƙasa tsaye, to akwai mai shi."

Wannan magana ta Baba ita ce Bernatz da Riou ba su da hanyar sani. A Turai tsufan gini a jikinsa ake gani, a tsagewa da gansakuka. A wurinmu masallacin da ya fi kowane tsufa yana iya zama shi ne ya fi kowane sheƙi, don bana ma an yaɓe shi. Ƙasar da ke jikinsa ta bara ce, amma alƙiblarsa da faɗinsa da hannun da ke yi masa aiki gadon kakanni ne. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe bango don ruwa ya zame, a duba azara ko gara ta shiga, a buɗe indararo kafin hadarin farko. Mutanen Jenne har yau rana guda suke warewa duk shekara, gari ya fito kwansa da kwarkwatarsa a yaɓe masallaci. Itatuwan da ke leƙowa daga bangon, waɗanda baƙi ke ɗauka ado ne, matakala ce ta masu yaɓe.

Ko Gobarau ta Katsina, wadda ta fi kama da hasumiyoyin zanen Turawa tunda masallacin da ke jikinta ya tafi ya bar ta ita kaɗai, ba juriyar ƙasa ce ta tsayar da ita ba. Tun zamanin da ake danganta ta da Muhammadu Korau a ƙarni na 15 ake ta gyara ta.

Siminti

A wata unguwa da na taɓa zama akwai masallacin ƙasa, ɗan ƙarami, sahu huɗu. Ƙofarsa gajera ce, sai ka sunkuya. Da azahar ɗin watan Maris, lokacin da kwano ke gasa mutane, cikinsa sanyi kamar randa. Wani bawan Allah ya ba da kuɗi a gina sabo, Allah ya saka masa da alheri. Ranar Asabar aka fara rusawa, kafin Laraba an share wurin. Waya tana aljihun kowa, amma da na bi ina tambaya ban sami mutum ɗaya da ya ɗauki hoton tsohon ba. Aza harsashin sabon kuwa an ɗauka ta ko'ina, har da bidiyo.

Ba zan ce masu rusawa ba su da hujja ba. Jama'a ta ƙaru, sahu huɗu ba ya ɗaukar unguwa. Samarin da a da za su fito gayyar yaɓe suna Kwatano suna zemijan, ko Najeriya, ko sun bi hanyar hamada. Maginan ƙasa sun tsufa, 'ya'yansu bulo suka koya. Tsoro ma yana nan. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani ɓangare na babban masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufto a kan mutane suna sallar la'asar, aka rasa rayuka. Duk limamin da ya ji wannan labari ya ɗaga kai ya dubi azarar masallacinsa, ba wanda zai ga laifinsa. Wani malami kuma ya ce da ni, "Mushe, masallaci don salla aka yi shi, ba don masu yawon buɗe ido ba." Gaskiya ne. Shehu Ahmadu ma kusan abin da ya ce ke nan.

Abin da ba na yarda da shi shi ne rabin gyara, wato a lulluɓe bangon ƙasa da siminti a ce an ƙarfafa shi. Ƙasa numfashi take yi, tana shan danshi tana fitarwa. In ka rufe ta da siminti danshin ya maƙale a ciki, itace ya ruɓe, gara ta samu gida, waje kuma sumul, ba wanda zai lura sai ranar da ya zube. An gwada a masallacin Larabanga na arewacin Gana a shekarun 1970, ginin ya lalace, sai a farkon shekarun 2000 aka kankare simintin aka koma wa yaɓen gargajiya. Darasin bai iso unguwanninmu ba. Zagaya ka gani, bangaye nawa ne simintinsu ya kumbura ya rabu da ƙasa, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa kamar ganga?

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman. A nan mu 'yan tsiraru ne. Ba wanda ya girma a zango bai taɓa jin an tambaye shi, cikin wasa ko ba cikin wasa ba, yaushe zai koma gida. Littafin tarihin da yaro ke riƙewa a CM2 yana da sarakunan Abomey, yana da Béhanzin da Bio Guéra da Kaba, kuma sun cancanta. Fatake in sun samu, layi biyu ne. Fadojin Abomey na ƙasa ne, Béhanzin ya sa musu wuta a 1892 don kada Faransawa su same su, amma an tayar da su an riƙe, UNESCO ta sa su a jerinta tun 1985. Gidajen ƙasa na Batammariba a Atacora sun shiga a 2023. Masallatan ƙasa takwas na arewacin Kodebuwa sun shiga a 2021. A Porto-Novo ana kai baƙi su ga babban masallacin da zuriyar waɗanda suka dawo daga Barazil suka gina da siffar cocin Bahia, kuma duk wanda ya gan shi ya san su waye suka gina shi, daga ina suka zo. Mu kuwa shaidar zamanmu ita ce ɗan masallacin nan mai gajeriyar ƙofa, da rijiyar da ke gefensa, da zauren mai masauki. In an mai da su duka bulo da fenti kore, yaron da aka ce wa baƙo me zai nuna? Ginin da aka yi bara?

Ni ba kango nake so a bar mana ba. Kangon ado na Gilpin ne, wanda ba ya salla a ciki. Inda za a iya riƙe masallacin ƙasa, a riƙe shi da yaɓe, a gina sabon a gefensa, tsohon ya zama na karatun yara ko na tsofaffin da ba sa son fanka. Kuɗin yaɓen shekara bai kai na tayil ɗin alwala ba. Inda kuma ba makawa sai an rusa, to a ba shi mako guda. A ɗauki hotonsa ciki da waje, ta kusurwa huɗu, da mutanensa a ciki, kada ya fito fayau kamar katin Fortier. A auna tsawo da faɗi da kaurin bango. A zaunar da dattawan unguwa a rubuta wa ya gina, daga wane gari ya zo, limamai nawa suka yi limanci, da boko da ajami. A ajiye ƙyauren ƙofa ko azara guda a jikin sabon ginin. Kwamitin masallacin da ya iya rubuta sunan duk wanda ya ba da buhun siminti, wannan ba zai gagare shi ba.

Na ba 'yan ajina aikin hutu: kowa ya nemo gini mafi tsufa a unguwarsu, ya ari wayar babansa ko ta yayansa ya ɗauko, ya tambayi mai shekaru labarinsa. Da yawa sun kawo hoton gidan bene, don su a ganinsu babba shi ne tsoho. Wata yarinya kuwa ta kawo hoton garken awaki. Yara suka fashe da dariya. Ta ce kakarta ce ta ce ta ɗauki wannan, don itatuwan da aka kafa garken da su azarar masallacin kakan kakanta ne, wanda ya zo da ayari daga Kano bai koma ba. Na ƙara girman hoton a waya. Giginya ce, ta yi baƙi ƙirin, an fafe ta da gizago, ga ragowar farar ƙasa maƙale a tsagunta.

Na je na ga tsohuwar. Ta kawo sunayen limamai biyar a jere ba ta yi tuntuɓe ba, ta kuma nuna mini da sandarta inda alƙiblar take, wurin da yanzu ake sayar da fetur a kwalba. Na tambaye ta ko cikin jikokinta akwai wanda ya rubuta sunayen.

Ta ce, "Ɗan nan, ai kai ne farkon wanda ya tambaya."